Gida Ba Kowa, Magina Na Ciki: Tambayoyinku Kan Inshora Kafin Sayarwa

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk daga birnin Sakkwato suka zo, kuma magana guda suke zagayawa: mutum ya sayi tsohon gida ko ya gaje shi, mazauna sun tashi, ya sa magina, da niyyar ya sayar in an gama. Mun zaɓi takwas mun taƙaita. Kowane kamfani da irin kalmomin takardarsa, saboda haka mai karatu ya ajiye tasa kusa yana dubawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi gida mai ɗaki huɗu da falo biyu a Gawon Nama. 'Yan haya sun tashi wata biyu da sunka wuce. Zan canza kwano, in sake wayarin, in sa tayil da silin, in sayar nan da wata shida. Wanda ya sayar mini ya ba ni takardar inshorar gobara da ya yi wa gidan, sai ƙarshen shekara za ta ƙare. Ta ishe ni?
Wani ɗan kasuwa, Gawon Nama

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba ta ishe ka ba. A yadda ka bayyana, gidan nan yau ba wani kamfani da ke ɗauke da nauyinsa. Dalilan suna rubuce a sashen sharuɗɗa na takardar da ke hannunka, can shafukan baya.

Inshorar gobara alkawari ne tsakanin kamfani da mutumin da sunansa ke kan takarda. Ba ta bin gida yadda rijiya da katanga ke binsa. Ranar da mallaka ta fita hannun wancan ta hanyar ciniki, alkawarin ya tsaya, sai in kamfanin ya yarda a rubuce ya mayar da shi sunanka. Ko da sunanka ne a kai, akwai sharaɗin zama: yawancin takardun gobara sun ce in gini ya haura kwana 30 a jere ba mai zama ciki, inshorar ta daina aiki sai an sami amincewar kamfani. Naka ya yi kwana 60. Kamfani ba zai kira ka ba, don bai san sun tashi ba. Ranar da aka yi asara mai bincike zai ji daga bakin maƙwabta, ya duba mitar wuta ya ga yaushe aka daina amfani da ita. Sharaɗin yana da dalili: gidan da ake kwana ciki, ƙauri kaɗan za a farka, amma wanda ba kowa sai harshen wuta ya fito ta rufi mutanen layi ke gani. Sai kuma sharaɗin canjin hali. An yanke kuɗin inshorar ne bisa gidan iyali. Gidan da aka yaye wa kwano, ana walda, an jibge katako da fenti da tina a falo, haɗarinsa ya ƙaru, kuma takardar ta ce dole a sanar kafin a fara.

Aiki irin naka takarda biyu yake so. Ta farko inshorar gobara da haɗurra na musamman, da sunanka, a kan tsohon ginin. Gobara da aradu da fashewar gas na girki suna cikin asalinta. Guguwa, ambaliya, fashewar bututu ko tanki, mota ta afka wa gini, tarzoma da ɓarnar ganganci, waɗannan ƙari ne, sai ka gan su a rubuce. Tare da ita ka karɓi takardar ƙari mai hatimi da ke cewa kamfanin ya san gidan ba kowa, ya kuma san ana aiki. Karanta ta da kyau, domin kamfanoni da yawa in sun amince da gidan da ba kowa sukan rage abin da suka ɗauka ya koma gobara da aradu da fashewa kawai.

Ta biyu ita ce inshorar aikin kwangila, wadda ma'aikatan inshora ke kira CAR. Tana ɗaukar sabon aikin da ake yi, da kayan da aka sauke a wurin, da diyyar mutanen waje in aikin ya cutar da su. Wurin da mutane suka fi faɗawa shi ne tsakanin takardun biyu. CAR ba ta ɗaukar tsohon gini sai an saka shi da sunansa da kuɗinsa. In tartsatsin walda ya kama tsohon katakon rufi, kamfanin gobara zai ce aikin gini ne ya jawo, kamfanin CAR ya ce abin da ya ƙone ba ya cikin kwangila. Maganinsa ka yi su biyun a kamfani ɗaya, ka sa a rubuta tsohon ginin cikin CAR, kuma sunanka da na ɗan kwangila su fito tare a kanta. Wanda aikinsa fenti ne da tayil kawai, takarda ta farko da ƙarinta sun wadatar. Wanda zai taɓa rufi, ko wayar wuta, ko bango mai ɗauke da nauyi, biyun yake buƙata.

Kafin magini ya ɗora guduma, rubuta wa kamfanin wasiƙa. Ka faɗi ranar da gidan ya zama ba kowa, da abin da aka gina shi da shi, bulo ko laka, rufin kwano ko na kankare. Ka jera aikin ɗaya bayan ɗaya, ka ce za a yi walda ko ba za a yi ba, wane ne ɗan kwangila, nawa ne kuɗin aikin, yaushe za a fara, yaushe ake sa ran gamawa, akwai maigadi dare da rana ko dare kawai, kuma sayarwa za ka yi in an gama. Haɗa da hotunan kowane ɗaki da rufi da katanga masu kwanan wata. A buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Abin da ka faɗa wa wakili ta waya ba zai tsaya maka ba ranar neman diyya.

Za su gindaya sharuɗɗa. Waɗanda aka saba gani: a leƙa gidan duk kwana 7 a rubuta a littafi, a rufe ruwa daga babban famfo, a kashe wuta daga babban makunni in ma'aikata sun tashi, a ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda, a kwashe tarkace da busasshiyar ciyawa, a tsaya awa ɗaya ana lura bayan an gama walda. Kada ka sa hannu kan wanda ba za ka iya cikawa ba. In an rubuta maigadi awa 24 alhali naka dare kawai yake zuwa, ka nemi a gyara tun yanzu, ko da kuɗin zai ƙaru.

Ka biya kafin a fara aiki. Tun 1 ga Janairun 2013 NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a Najeriya, ke tilasta ƙa'idar cewa inshorar da ba a biya kuɗinta ba ba ta fara aiki ba. Biya a asusun kamfani ko na dillalin inshora mai rajista, kada ka tura asusun wani mutum. Kuma kada ka yanke wata shida cif. Kuɗin gajeren zango ba ya raguwa daidai da watanni, wata shida ya fi rabin kuɗin shekara, sannan bayan gyara akwai jiran mai saye. Yi ta gobarar ta shekara guda, CAR kuwa ka ƙara wata biyu ko uku a kan lissafin ɗan kwangila. In kuɗi sun yanke aiki ya tsaya, sanar da su a makon, domin CAR tana cire asarar da ta auku lokacin da aka dakatar da aiki.

TAMBAYA: Na sayi gidan naira miliyan 45. Wannan adadin zan rubuta a takardar inshora?
Ma'aikacin gwamnati, Bado

AMSA: A'a, Malam. Kuɗin ciniki ya haɗa da fili, shi kuwa fili ba ya ƙonewa. Adadin da ake rubutawa shi ne abin da zai ci a sake gina gidan daga tushe da farashin yau. A unguwar da fili ke da tsada, wannan kan gaza kuɗin ciniki. A tsohon gida babba da aka samu da sauƙi, yakan ninka shi. Mai ƙiyasin kuɗin gini mai rajista zai auna murabba'in mita na ginin, ya buga da farashin gini na wannan lokaci, ya ba ka a rubuce. Ka sa ya ware katanga, get, ɗakin maigadi, hasumiyar tanki da rijiyar burtsatse kowanne da kuɗinsa, don abin da ba a ambata ba ana iya cewa ba ya ciki. Ƙara kuɗin kwashe ɓaraguzai da ladan injiniya da mai zane.

Rage adadin don kuɗin inshora ya yi sauƙi yana da hukuncinsa a takarda. Misali, sake ginin zai ci miliyan 60, kai ka rubuta 40. Ka yi wa kashi biyu cikin uku inshora ke nan. Gobara ta ci ɗaki biyu da rufi, asara miliyan 15. Ba 15 za a ba ka ba duk da ba ta kai 40 ba. Kashi biyu cikin uku za a ba ka, miliyan 10, sannan a cire kason farko da takarda ta ɗora wa mai gida a kowace asara. In kason naira 500,000 ne, miliyan 9 da rabi za ka karɓa. Kumbura adadin ma ba riba, domin ba a biyan fiye da asarar da aka yi.

Tambayi kuma a kan wane ma'auni za a biya: sabo a madadin tsoho, ko za a cire kuɗin tsufa. A gidan da ya shekara 30 bambancin yana da yawa. Farashin siminti da rodi na iya tashi ana tsakiyar aiki, don haka a sake duba adadin bayan wata uku. Ranar da aka gama gyara CAR ta ƙare a kan abin da aka miƙa maka, sai ka ɗaga adadin ta gobara ya haɗa da sabon aikin. Ribar da kake hange a cinikin ba ta cikin ko ɗaya.

TAMBAYA: Gidana na Mabera, kafinta ya ce mu yaye kwano duka cikin watan Mayu kafin ruwa ya sauka. In hadari ya riske mu, inshora na biya?
Wata Hajiya, Mabera

AMSA: Hajiya, kafin maganar inshora, lokacin bai yi ba. A Sakkwato hadarin farko daga Mayu zuwa Yuni yake zuwa, kuma iskar da ke gabansa ta fi ruwan ɓarna. Ita ke ɗaga kwanon da ba a gama bugawa ba ta jefa gidan maƙwabta. Aikin rufi na rani ne, daga Nuwamba zuwa Maris. In ba makawa sai yanzu, a yi shi ɓangare ɓangare: abin da aka yaye da safe a rufe shi kafin magariba, a ajiye tamfal mai kauri da igiya a wurin, kada a bar fallen kwano a sama ba ƙusa ko na dare ɗaya.

A takardar gobara, sashen guguwa da ambaliya yakan cire ginin da ake gyarawa muddin ƙofofi da tagogi da sauran kafofi ba su kammala ba. Gidan da ba rufi yana cikin wannan. Ruwan da ya shiga ta sama ya jiƙa silin da filasta, wannan takardar ba za ta biya ba. CAR ce ke ɗaukar irinsa, ita ma da sharaɗin an yi tanadin da mai hankali zai yi. In mai bincike ya zo ya tarar ba ko tamfal a wurin cikin watan Yuni, zai rubuta sakaci.

Ambaliya maganarta daban. Kowa ya san yadda ruwa ke kwanciya a wasu layukan Mabera cikin Agusta, kuma mutanen gari ba su manta da Satumbar 2010 ba, lokacin da kogin Rima ya cika ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Fom ɗin inshora zai tambaya ko ruwa ya taɓa shiga gidan. Ki faɗi gaskiya. Alamar ruwa a jikin bango ba ta ɓuya ga wanda aikinsa ke nan, kuma ɓoye wannan na iya rushe takardar gaba ɗaya, har da ɓangaren gobara. Siminti a ɗora shi kan katako, tazarar santimita 15 zuwa 20 daga ƙasa, nesa da bango, kada a jera fiye da buhu 10 a tsaye. A yashe kwata da indararo kafin ruwa, kada yashi da tsakuwar aiki su toshe hanyarsa. Abin da ya lalace a hankali, kamar damshin da ke hawa bango, cin gara, tsatsa, ko tsagewar da ta daɗe, ba inshorar da ke biyansa. In akwai sashen laka da azara a gidan ki ambata shi, don kamfanoni suna yi masa lissafi daban.

TAMBAYA: Malaminmu ya ce inshora akwai riba da garari a ciki. Ni kuma ina tsoron barin gidan hakanan. Akwai mafita?
Wani magidanci, Minanata

AMSA: Akwai, Malam, kuma tambayar ta dace. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci saboda garari, wato rashin tabbas a cikin ciniki, ta halatta ta taimakon juna da aka gina kan kyauta. Wannan ita ce takaful. Kamfani na farko irinsa a Sudan aka kafa shi a 1979. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma Noor Takaful da Jaiz Takaful sun sami lasisi a 2016, wasu suka biyo baya.

Yadda take aiki: kuɗin da ka bayar gudummawa ce cikin asusun mahalarta, da niyyar tabarru'i, wato kyauta. Wanda asara ta samu daga asusun ake biyansa. Kamfani wakili ne, yana ɗaukar ladan wakilci da aka bayyana tun farko, kuma ba ya juya kuɗin a harkar riba. In shekara ta ƙare da rara, ana raba wa mahalarta bisa ƙa'idar kamfanin. In asusun ya gaza, kamfani ya ba shi rance marar ruwa. Kowane kamfani yana da kwamitin malamai da ke duba takardunsa. Nemi a ba ka kwafin yarjejeniyar ka kai wa malaminka ya karanta da kansa.

Abin da muke so ka riƙe shi ne takaful ba ta sassauta sharuɗɗan da muka ambata a sama ba. Sharaɗin kwana 30, sanar da gyara, hukuncin rage adadi, duk suna nan. Nauyin faɗin gaskiya ma ya fi a nan, tunda wanda ya ɓoye hali ya karɓi diyya, daga dukiyar 'yan uwansa mahalarta ya ci.

TAMBAYA: Ɓarayi sun shiga gidan da nike gyara, sunka zare wayar wuta daga bango, sunka ɗauke sumo da buhu 40 na siminti. Maigadi ya ce bai ji komi ba. Ina da inshora amma kamfani ya ce ba shi biya. Wanga ba zalunci ba ne?
Wani mai karatu, Runjin Sambo

AMSA: Allah ya mayar da alheri. Kafin a ce zalunci ne, duba wace takarda gare ka. In ta gobara ce kaɗai, ba ta ɗaukar sata, ko da satar da aka yi ana tsakiyar gobara. In ta fasa gida ce, tana son alamar an shiga ko an fita da ƙarfi: karyayyen kwaɗo, ɓallalliyar ƙofa, yankakken ƙarfen taga, fasasshen bango. Wanda ya buɗe da mabuɗi, ko ya shiga ta tagar da ba a sa ba tukuna, bai cika wannan sharaɗi ba. Tana kuma cire satar da aka yi da haɗin bakin wanda ke yi maka aiki, kuma maigadi na cikinsu. Sannan galibi kayan cikin gida take ɗauka, ita kuwa wayar da ke cikin bango jikin gini ce. In CAR ce, sata na ciki, amma ban da ragin da sai wajen ƙirga kaya aka gano. Buhu 40 da suka ɓace dare ɗaya daban, buhu 40 da suka zurare biyu biyu cikin wata daban.

Rubuta musu ka nemi dalilin ƙin biya a rubuce, da lambar sashen da suka dogara da shi. Haɗa rahoton 'yan sanda, rasitan waya da sumo da siminti, littafin shige da ficen kaya in akwai, da hotunan inda aka fasa. In sashen da suka kawo bai dace da abin da ya faru ba, dillalinka ya bi, in abin ya ƙi ka kai ƙara sashen koke na NAICOM, ba a biyan kuɗi.

Ga sauran masu karatu: in irin haka ta faru, a sanar da kamfani a rubuce cikin awa 24, kuma kada a gyara ƙofar da aka fasa sai mai ƙiyasta asara ya gani ko ya ba da izini. In gobara ce a karɓi rahoton hukumar kashe gobara. Tsarin aiki ma yana rage asara. Kada a zura waya sai an sa ƙofofi da tagogi da ƙarafunansu. Sumo, na'urar sanyaya ɗaki, famfuna da kwanon wanka su zo ƙarshe. Siminti a riƙa sauke na mako guda. A canza duk kwaɗunan da tsofaffin 'yan haya suka riƙe, mabuɗin sito ya zauna hannun mutum ɗaya, kuma a biya maigadi haƙƙinsa kan lokaci.

TAMBAYA: Gidanmu na cikin gari ne, bangonmu ɗaya da maƙwabci. Za mu haƙa sabon sokawe mu ɗora bene. In bangonsa ya tsage, ko lebura ya faɗo, wa ke biya?
Wani matashi, Ƙofar Marke

AMSA: Abu biyu ne, kuma ba takarda ɗaya ke ɗaukarsu ba. Maƙwabci da mai wucewa da yaron da ya shigo wasa, sashe na biyu na CAR ne nasu. Sai dai ɓarnar da girgiza ko haƙa kusa da tushe ta jawo, ana cire ta sai an saya mata ƙari na musamman. A cikin gari, inda bangon laka ke jingine da juna, wannan ƙarin shi ne ya fi komai muhimmanci. Kafin a sa diga, ku shiga gidan maƙwabcin da izininsa, gaban mai unguwa, ku ɗauki hoton kowace tsaga da ke jikin bangon, kowa ya riƙe kwafi. Ramin ya yi nesa da tushen bango aƙalla gwargwadon zurfinsa, a rufe bakinsa kullum da yamma, a kewaye wurin aiki da kwano saboda yaran unguwa da almajirai.

Lebura da birkila da kafinta ba sa cikin wannan sashe, domin ma'aikata ne. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na albashi ga asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikacin da ya yi haɗari a bakin aiki. In ɗan kwangila ka ba, nemi shaidar rajistarsa. In kai ke ɗaukar 'yan aikin yini da kanka, ka yi musu inshorar haɗari ta rukuni bisa yawan mutane, tunda fuskoki na canzawa kullum.

Ɗora bene kuwa, injiniya ya fara duba ko tsohon tushen zai ɗauka, sannan a karɓi izinin hukumar tsara birane ta jiha. Ginin da hukuma ta rushe, ko ya faɗi saboda kuskuren zane, kamfani ba ya biyansa. Sashe na 64 na dokar inshora ta 2003 ya tilasta wa mai gina gidan da ya haura hawa biyu yin inshorar diyya, kuma sabuwar dokar 2025 da ta maye gurbinta ita ma ta tilasta inshorar ginin da ake kan yi.

TAMBAYA: Mahaifinmu ya rasu ya bar gida da inshora a sunansa. Mu magada tara ne, za mu gyara mu sayar mu raba.
Babbar ɗiya, Arkilla

AMSA: Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Mallakar da ta sauya ta hanyar gado ba ta kashe takardar gobara kamar yadda ciniki ke yi. Amma sharaɗin kwana 30 da na sanar da gyara suna aiki a kanku. Ku kai wa kamfanin takardar shaidar rasuwa da ta kotun da ke rabon gadon, ku wakilta mutum ɗaya a rubuce, a mayar da takardar da sunan magada. In akwai marayu ƙanana, waliyyinsu ya sa hannu, kuma a rubuta asusun da diyya za ta shiga tun yanzu.

TAMBAYA: An gama gyara, na sami mai saye, ya ba da kafin alƙalami, saura zai cika nan da wata uku. In soke inshorar in karɓi ragowar kuɗina?
Dillalin gidaje, Dambuwa

AMSA: Kada ka soke, Alhaji. Wata ukun nan gidan ya fi kowane lokaci daraja, sabon waya da sababbin kaya na ciki, magina sun tafi, ba mai kwana. Sanar da kamfani cewa aiki ya ƙare, a ɗaga adadin, a sabunta amincewar zaman gidan ba kowa har ranar miƙa mabuɗi. Kafin a mayar da wuta, mai aikin lantarki mai lasisi ya gwada sabon wayarin ya ba ka takarda, domin gobarar gidan da aka gyara sau da yawa daga haɗin waya marar kyau take tashi ranar da aka ɗora masa nauyi. A sake cika tanki a bar famfuna a rufe yini ɗaya a ga ko ruwa na raguwa, sannan a juye shi.

A cikin yarjejeniyar ciniki lauya ya rubuta ƙarara wa ke ɗauke da asara tsakanin kafin alƙalami da cikon kuɗi, da abin da za a yi da diyya in an biya: a gyara gidan da ita, ko a rage ta daga farashi, ko a warware ciniki a mayar da kuɗi. Sanar da kamfani wannan yarjejeniya, ka nemi a rubuta sunan mai saye a matsayin mai haƙƙi a takardar. In banki ne ya ba ka jarin gyara, ko shi zai biya wa mai saye, zai so nasa sunan ya fito shi ma. In ka bar mai saye ya tare ko ya fara nasa gyare-gyaren kafin ya cika, wannan ma canjin hali ne, a sanar.

Dokar filaye ta 1978 ta sa sauya mallakar fili mai takardar shaida a birni sai da amincewar gwamna, kuma wannan kan ɗauki lokaci. Mai saye ba sai ya jira ta ba kafin ya yi tasa inshorar, yarjejeniya da rasitin biya sun isa su nuna yana da haƙƙi a gidan. Ku tsayar da rana ɗaya: tasa ta fara aiki ranar da ya cika kuɗi ya karɓi mabuɗi, taka ka soke ta washegari a rubuce. Ragowar da za a mayar maka da ma'aunin gajeren zango za a lissafa, kuma yawancin kamfanoni ba sa mayarwa in an riga an biya diyya a cikin shekarar.